Ɗan Gidan Waye Ya Tare wa Baba Hanya?

Zuwa ga Mai Girma Wakilin Unguwarmu a Majalisa,

Bayan gaisuwa da fatan an wuni lafiya da ɗawainiyar jama'a, ranka ya daɗe, ƙara na kawo.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Washington. Bara na ɗauko mahaifina daga Zariya aka yi masa aikin gwiwa. Likita ya ce kullum ya riƙa tattaki, in ba haka ba gwiwar ta sandare. Sai da na haɗa shi da 'yan uwansa a waya kafin ya yarda ya ɗauki sanda ya fita.

Makon jiya, a matsattsiyar hanyar gefen titinmu, ya yi kiciɓis da na'urar nan mai kai wa mutane abinci, mai kama da kular biki da aka sa wa tayoyi. Ya tsaya, ta tsaya. Baba tsohon hedimasta ne, bai taɓa kauce wa yaro ba. Ya yi gyaran murya, ta ƙyafta masa fitila. Daga ƙarshe dattijo ne ya ratse cikin ciyawa, sanda ta zame, ya zauna daɓas, ita kuwa ta wuce da shinkafar wani.

Na farko: na karanta dokarku kan waɗannan na'urori. Ta ce abin nan ba mota ba ne, haƙƙinsa a hanya irin na mai tafiya a ƙasa ne. Da na gaya wa Baba, tambaya ɗaya ya yi, wai ɗan gidan waye. A wurinmu yaro in ya yi rashin kunya, ubansa ake kai wa ƙara.

Na biyu: dokar ta ce akwai mai lura da ita daga nesa, shi ke da alhaki. Madalla. Na kira lambar da ke jikin wata 'yar uwarta, wata na'urar ta ɗauka, ta ce kirana yana da muhimmanci. Har na gama tuwo ban ji muryar ɗan Adam ba. Wannan mai alhakin, a wane gari yake? Yana kallo lokacin da Baba ya faɗi, ko ya tafi shan shayi?

Tun ranar Baba bai sake taka ƙofa ba. Ya ce ba zai fita akwati ya raina shi ba. Mun yi dariya da farko, amma yau da safe gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa ya yi salla a kujera, kuma wallahi raina ya ɓaci.

Roƙona biyu ne. A rubuta ɓaro-ɓaro cewa na'ura ce za ta kauce wa mutum. Sannan a turo mana mai lura da ita, mutum mai jini a jika, ya zo falonmu ya ce wa Baba ya yi haƙuri. Ba diyya muke nema ba, shayi ma za mu ba shi. Na san mahaifina, ranar zai nemi takalminsa ya fita.

Allah ya yi riƙo da hannunka, ya ja kwananka har ka kai shekarun riƙe sanda.

Wassalam.

Taka,
Hajara 'yar Malam