Jan Ƙyallen Zoɓon Kirsimeti

Yaya Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa. Ya sanyin can, ya maigida da yara? Mu nan Barade lafiya lau.

Kirsimetin bana ni na haɗa zoɓo. Bokiti ɗaya na maƙwabta, ɗaya na su Baba wanda aka zuba wa giyar jin. Na nemi jan ƙyallen da kike ɗaura wa bokitin mai giyar na rasa, hankalina ya tashi kar a kai wa maƙwabciyarmu Hajiya Dija. Ina cikin nema ta shigo. Da na gaya mata, ta yagi bakin ɗankwalinta ta ɗaura da kanta, ta ce, "Rifkatu ba ta nan, amma aikinta ba zai kwana ba."

Har Mama ta yi hawaye. Ki sa mu a addu'a, ki gaida yara.

Ƙanwarki,
Talatu