Sakamakon Awon Mufida

Agege, Legas
Oktoba, 2001

Zuwa ga Yaya Furera,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa ga yayarta, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Malam Shafi'i da yara da duk mutanen Kazaure. Allah ya sa ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi, ya sa an kai amfanin gona gida lafiya. Mu nan sai godiya. Gari ya lafa tun bayan tashin hankalin bara, kowa ya koma neman abincinsa. Maigidana Alhaji Nata'ala yana nan yana fama da kasuwar goro, har ya sayi wayar hannun nan da aka shigo da ita, yana yawo da ita a aljihun gaba don a gani, ni dai har yau ban ji ta yi kuka ba. Kafin a ci gaba, kada ki ba Munir ya karanta miki wannan takarda. Ki kira Laila, ku shiga ɗaki ku turo ƙofa, maganar mata ce.

Saƙonki ya iso ta hannun Hajiya Kalsum mai goro, kuma zan gaya miki yadda ya same ni. Ina zaune da la'asar ina tsince shinkafa ta yi sallama, ta ajiye ƙullin magani a gabana, ta sassauta murya ta ce in ji ki a riƙa tafasa wa Mufida tana zama a ciki safe da yamma. Ta ce kin ce da zarar cikin ya shiga wata bakwai a sako ta a mota ta zo gida goyon ciki, akwai tsohuwar ungozoma a unguwarku da ta iya cire irin wannan tsiro da aska. Yaya, wallahi ban san wane tsiro ake magana ba. Na gyaɗa kai na ce ai na sani, har da cewa muna nan muna ta addu'a. Sai da na yi ta jan ta da hira kafin na gane cewa Mufida ce ta je har gidanta, ta zauna ta faɗa mata abin da ke damunta, ta ce ta kai miki labari. Magana ta tashi daga Agege ta je Kazaure ta dawo, ni da ke bayan layin su Mufida ban ji ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma shinkafar nan da tsakuwarta muka ci ta.

Ba zan ɓoye miki ba, na ji kishi, kuma har yanzu da nake rubutun nan bai sake ni ba. Kin san yadda yarinyar nan ta zo hannuna. 'Yar fari ce, kina kunyarta, ko sunanta ba kya faɗa, sai dai ki ce yarinyar can. Da aka yaye ta Inna ta ɗauko ta ta ɗora mini a cinya ta ce ga taki, tun da Allah bai ba ni haihuwa ba. Ni na goya ta a jirgin ƙasa har Legas tana kuka. Ni na yi jinyar ƙyandarta, ni na riƙa tsallaka titi da ita zuwa makaranta ina zagin masu motar haya ta danfo da Yarbancin da ban gama iyawa ba. Ranar da ta fara ganin al'ada ni ta zo ta raɗa wa. Ni na yi mata kayan ɗaki na kai ta gidan mijinta Badaru. Ke kuwa in mun zo gida da salla kau da kai kike yi in ta shigo, ki ce a ba ta fura. Amma da abu ya yi tsanani sai ta tsallake ni ta nemi ke. Na san ba laifinki ba ne, ba ke kika aika a tambaye ta ba, amma ke nake jin haushi, don ita ba zan iya ba.

Washegarin zuwan Hajiya Kalsum na je gidan Mufida. Ban yi faɗa ba, ko da yake na shirya shi tun a hanya. Na same ta ta rame, idanu sun faɗa, sai na ajiye faɗan na ce ta shirya, ranar awonta mai zuwa tare za mu je. Ta so ta yi gardama na ce ban tambaye ta ba. Muka je babban asibiti, muka bi layi har aka kira mu wurin likitar, wata Bayerabiya mai fara'a. Ta dube ni ta tambayi Mufida ko ni ce mahaifiyarta. Yarinyar da ke ce mini Mama tun bakinta bai iya magana sosai ba, sai na ji ta ce da Turanci wai ƙanwar mamanta ce. Tana ganin ban ji ba. Na ji sarai, Turancina ya kai nan. Gaskiya ta faɗa, na sani, amma da a ce ƙarya ta yi ranar da na fi gode mata.

Ga abin da likitar ta ce, ta yi mini bayani da Yarbanci har na gane, ki saurara da kyau don a nan muhimmiyar maganar take. Ƙananan tsiron da suka fito wa Mufida a gabanta wata ƙwayar cuta ce ke kawo su, suna kiran ta HPV. Ta ce tana jikin mutane da yawa, maza da mata, ba su ma sani ba, ana ɗaukarta wajen kwanciyar aure, kuma takan yi shekaru a jiki shiru. Saboda haka ta ce kada in koma gida in tuhumi kowa, don ta ga yadda fuskata ta canza, ni kuwa har na fara tsara abin da zan gaya wa Badaru. Ta ce ciki ne ya sa suka ƙaru, kuma sau da yawa sukan motse bayan haihuwa, waɗanda suka rage a cire su a asibiti. Da wuya su taɓa jariri, kuma in ba su toshe hanya ba za ta haihu da kanta. Abin da ya fi tayar wa Mufida hankali shi ne gwaji na biyu. Tun a awon baya sun shafo bakin mahaifarta sun auna, sakamako ya nuna ɗan canji kaɗan. Ita da ta ji haka ta ɗauka ciwon daji ne, ta yi makonni tana kuka ita kaɗai, tana tunanin wa zai riƙe mata abin da za ta haifa. Likitar ta ce ba daji ba ne. Sun leƙa da na'ura ba su ga abin tsoro ba, irin wannan canji yakan wuce da kansa, amma ba a sakaci da shi. Dole a riƙa duba ta har ta haihu, a kuma sake gwajin bayan ta yi arba'in, a nan inda suka san ta.

Na nuna mata ƙullin maganinki, kada ki ji haushi. Ta shinshina ta ce kada a zauna a ciki, kada a shafa komai, ko maganin kemis, don akwai wanda ake shafa wa irin wannan tsiro da ke cutar da ɗan ciki. Da na ambaci aska kuwa sai da ta ajiye biro. Ta ce wurin cike yake da jini lokacin ciki, in aka yanka jinin zai iya ƙin tsayawa. Ki gode wa tsohuwar, ki ce mun ji, amma ba mai kusantar yarinyar nan da aska ina raye. Game da goyon ciki kuma ta ce ba ta ba da shawarar a yi wannan doguwar tafiya a je a zauna watanni ba tare da an duba ta ba. To a nan zan faɗa miki abin da ba shi da kyau. Da ta faɗi haka wani daɗi ya rufe ni, kuma ba don lafiyar Mufida kaɗai ba. Na ce a raina yauwa, Yaya ta sami labari amma ni zan sami jika. A cikin danfo muna dawowa har na fara lissafin inda zan kafa tukunyar ruwan wanka da wanda zan aika kasuwar Mile 12 ya sayo kayan yajin jego.

Da muka isa gidanta na zaunar da ita na ce to ta ji, a nan za ta haihu, kuma ɗakina za ta dawo in ciki ya tsufa, Badaru ma na san zai yarda. Ta ce to. Sai na kasa haƙuri na tambaye ta abin da ya hana ta gaya mini tun farko. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Ta ce ba raini ba ne, ta san zan iya ba da raina a kanta. Ta ce tsoro take ji, tsoron tsiron, da na gwajin, da na naƙudar kanta, kuma so take ta ji daga bakin wadda ta taɓa durƙusawa ta tashi cewa ana wucewa. Ta ce tun tana ƙarama take son ki dube ta sosai ko sau ɗaya, kuma in ba yanzu ba ba ta san yaushe ba. Tana faɗa tana kuka tana ba ni haƙuri. Na ce ba komai, na share mata hawaye, na dafa mata abinci, na tafi gida. Akwai abin da ban iya ba ta ba duk shekarun nan, kuma babu kasuwar da zan je in nemo shi.

Saboda haka, Yaya, ga dalilin takardar nan. Tun da ita ba za ta iya zuwa ba, ke ki zo. Na san kina tsoron Legas, na san gwiwa, na san za a ce uwa ba ta zuwa haihuwar 'yar fari, a ce kin zubar da kunya. Ki bar su su faɗa. Hajiya Kalsum za ta sake zuwa Kazaure bayan ƙaramar salla, ki biyo ta in za ta dawo, Alhaji ya ce zai tare ku a tasha. Ki zauna har a yi arba'in a sake gwajin, mu ji sakamako tare. Zan ba ki gadona in koma tabarma. In naƙuda ta tashi aka ce mutum ɗaya zai shiga da ita, ke za ki shiga, ni zan zauna a benci a waje in riƙe muku jaka. Ba da daɗin rai na rubuta wannan ba, kuma kada ki yi zaton in kin zo za ki same ni ina dariya kullum.

Ki gaishe mini da Malam Shafi'i, da Gwaggo Mariamu, da Munir da matarsa, da Safi, da su Abdulwahid. Laila, na gode da karatu, abin da kika karanta ya tsaya a ɗakin nan. Alhaji da Badaru suna gaisuwa. Mufida ba ta san na rubuto ba, ba na so in sa mata rai sai na ji daga gare ki. Kada ki sa in koma in ce mata kin ƙi.

Taki ƙanwa,
Asama'u