Abin da Ya Hana Ki Barci a Zawaciki

Zuwa ga Badi'atu, matata, sanyin idona, inuwata ta tsakar rana, wadda muryarta ke sauke mini gajiyar aiki kamar ruwan randa a bakin mai azumi.

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Umma da duk mutanen gida. Da gangan na rubuto a takarda na ba Yaya Sagir, tunda ta unguwarku Panshekara yake bi in ya tashi aiki daga Challawa. Na san halinki, in na turo ta waya sai kowa ya kwanta za ki shige bargo ki ƙura mata ido, ni kuwa maganar da zan yi ke nan. Ki karanta da rana.

Da Umma suka zo tafiya da ke ban hana su ba. Ta yaya zan hana? Da idona na ga yadda kika koma a ɗakinmu na Zawaciki: ki kwanta ki yi ta juyi har a kira assalatu, da rana kuma ki yi zuru kamar an zare miki laka, ki ɗora tukunya ki manta. Ranar da gyangyaɗi ya kwashe ki a gaban risho har bakin mayafinki ya kama, wallahi ni ma na tsorata. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an karanta duk abin da ya kamata a karanta. Kina komawa ɗakin Umma, daren farko kika yi barci har hantsi. Shi ke nan ƙanwar Babanku, Gwaggo Zuwaira, suka yanke hukunci: filin da na gina gidan akwai mutanen ɓoye, ba za ki ƙara kwana a ciki ba. Ban yi musu da su ba, don a lokacin ba ni da hujja.

To ga abin da ya faru. A kamfaninmu na saƙar buhu a Sharada, watan jiya aka cire tsofaffin fitilu masu ruwan ɗorawa, aka sa wasu farare tas masu shuɗi-shuɗi. Kin san Bala, mai injin da ke kusa da nawa, mutumin da in muna aikin dare ke barci a tsaye zare na tsinkewa a gabansa. Yanzu idonsa biyu har gari ya waye, sai surutu kamar rediyo. Amma in ya koma gida ya kwanta, barcin ya ce bai san zancen ba. Da ƙorafi ya yi yawa aka tara mu, Sista Aina'u ta ɗakin shan magani ta yi mana bayani. Ta ce farin hasken nan akwai shuɗi da yawa a cikinsa, irin na sararin sama da hantsi. In ya shiga ido sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka rana ce, ta riƙe sinadarin da jiki ke saki da dare don ya kawo barci. Shi ya sa yake taimakon mai tsaron inji, yake wahalar da mai neman hutu. Ta ce hasken waya ma danginsa ne, kuma wani ya fi wani jin sa.

Na dawo gida, na danna makunni, na tsaya a bakin ƙofa kamar an dasa ni. Badi'a, su ne. Dogayen fararen nan na bango, da shuɗiyar igiyar fitilar da aka zagaye silin da ita ranar jere, wadda Gwaggo suka zaɓo da kansu, 'yan ganin ɗaki suna ta ɗaukar hoto. Ke ba kya iya kwana a duhu tun kina ƙarama, ni kuma na sa sola don kada wuta ta ɗauke miki ko da wasa. Ashe haɗuwa muka yi muka kunna miki rana a ka, muna tambayar me ya hana ki barci. Ni ban gane ba, don rabin kwanakin ina wajen aiki, sauran kuma gajiya ce ke kayar da ni. A ɗakin Umma me ake da shi? Ƙwan fitila guda, ja-ja, shi ma rabin dare babu wuta.

Kin tuna lokacin da nake zuwa zance zaurenku? Wata rana na dage ina yi miki bayanin yadda inji ke saƙa buhu, ina ganin kaina wani babban injiniya, na waiwayo na same ki kin jingina da bango kin yi nisa. Na ji haushi a ranar, har na yi kwana biyu ban zo ba. Yarinyar da ta yi barci saurayinta na tsaka da magana, ita ce za a ce barci ya gagare ta haka kawai? Haba dai.

Na cire dogayen na bango. Na sa ƙaramin ƙwai mai ruwan ɗorawa can ƙasa kusa da ƙofa, haskensa bai fi na aci-bal-bal ba, amma za ki ga hanyar banɗaki, ba za ki ji tsoro ba. Igiyar Gwaggo ban taɓa ta ba, makunni daban kawai na yi mata, mu riƙa kunnawa in an yi baƙi. Don Allah kada ki ce musu fitilarsu ce. Da zuciya ɗaya suka saya, kuma ni zan san yadda zan yi musu bayani ba tare da ransu ya ɓaci ba. Ban ce a daina addu'a ba, ni ma kullum cikinta nake. Ban kuma ce na zama likita ba. Sista ta ce in an gyara haske abin bai sauya ba, a tafi asibiti, kuma za mu je.

Ina kewarki, Badi'a, ba kaɗan ba. Gidan ya yi mini girma. In dafa shayi in zuba kofi biyu, sai na ɗauka in tuna. Injin Sharada da duk ƙararsa bai kai shirun ɗakin nan damuna ba. Har yaushe zan riƙa zuwa gaishe ki a tsakar gida kamar baƙo, in zauna a kan tabarma ina satar kallon matata?

Abu ɗaya nake roƙo. Ranar Juma'a bayan an sauko zan zo in durƙusa gaban Umma in nemi aron ki na sati guda. Na riga na yi musanya da Bala, aikin rana zan yi, ba za ki kwana ke kaɗai ba. In kika ce e, na san Umma ba za su hana ba. In satin ya cika ba ki samu barci ba, na yi miki alkawari, gidan nan da na ɗauki bulonsa a kaina zan ba 'yan haya mukullinsa, in nemi ɗaki ɗaya a bayan layinku. Ba zan ƙara tayar da maganar ba.

Ba na neman girki, ba na neman hira. Burina in dawo daga masallaci da asuba in yi ta tashin ki, kina ture mini hannu kina cewa in ƙyale ki.

Naki a yau, naki a gobe, a Zawaciki ko a ɗakin haya, har ranar da Allah zai karɓi abinsa,

Uwaisu