A Mayar Mini da Bencin Bayan Aji Biyar

Zuwa ga Mai Girma Jami'in Ilimi mai kula da makarantun firamare na yankinmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, ina fata kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan ofishinka baki ɗaya. Allah ya ƙara girma.

Ranka ya daɗe, sunana Sule, ana ce mini Maigwangwani. Ina zaune a Dutsen Kura, sana'ata liƙin dalma. Ina ƙera fitilar aci-balbal da mazurari da rariya, ina toshe bokitin da ya huje. Da furfura a gemuna na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi bayan la'asar, na yi shekara uku ina zuwa, kuma da abin da na samo a can nake rubuta wasiƙar nan da hannuna. Sau uku ina zuwa ofishinka, masinja yana ce mini kana taro. Shi ya sa na biyo ta jarida.

Zan fara da murna, don ita ce gaba. Jikata Binta, 'yar ɗana na fari, tana aji biyar, kuma ita ta zo ta ɗaya a jarrabawar kimiyya ta zangon da ya wuce. Ranar da ta kawo takardar sakamako na rufe rumfa tun kafin azahar, na bi maƙwabta gida-gida ina nunawa, har waɗanda ba su tambaya ba. A zuri'armu ita ce mace ta farko da ta kai aji biyar. Na gode wa Allah, na gode wa hukumar da ta buɗe wa 'ya'yan talakawa makaranta.

Amma ba zan ɓoye maka ba, kishi ya hana murnar nan zama. Ina kishin jikata, ina kishin duk yaran da ke ajinsu, ina kishin Audu maigadin makaranta. Ba hassada ba ce, domin ba na so a rage wa kowa komai. Takardar da ta fito daga ofishinka ce ta tashe ni daga bencin da nake zama a bayan ajin nan, kuma a kanta nake kuka. Ga yadda abin ya faru.

Na farko, yadda tsoho ya shiga aji biyar.

A zangon farko, ana tsakiyar rani, malamar kimiyyarsu, Malama Rifkatu, 'yar kudancin Kaduna, ta ba kowane yaro aikin gida. Ta ce a samo gwangwanin madara uku, a zuba ƙasa iri ɗaya, a shuka wake. Na ɗaya a ajiye a rana ana ba shi ruwa. Na biyu a ba shi ruwa amma a kife shi a duhu. Na uku a bar shi a rana, kada ya ga ko ɗigo. Binta ta ɗebi gwangwanaye a rumfata, ba ta gaya mini dalili ba, ni ma ban tambaya ba.

To, a gidanmu ba a watsar da sauran ruwan alwala a banza, gindin shuka ake zuba wa. Haka mahaifiyata ta koya mini. Kullum da asuba in na idar da alwala sai in ga gwangwani ɗaya a bushe ƙamas, in ce yarinyar nan akwai sakaci, in juye masa abin da ya rage a buta. Kafin ta waiwaye shi da rana zafi ya busar da saman ƙasar. Na ƙarƙashin gado kuwa, wanda ta kife da ƙwarya, garin neman takalmi na gan shi, tausayinsa ya kama ni. In ta tafi makaranta sai in fito da shi ya sha rana, in mayar kafin ta dawo don kada ta ce na taɓa mata kaya.

Ranar da aka kai gwangwanaye aji, na kowa ya nuna bambanci: busasshe bai tsiro ba, na duhu ya yi dogo ya yi fari kamar mai jinya. Na Binta kuwa duka ukun sun yi kore shar, kai ɗaya. Yara suka yi ta dariya, wasu suka ce maguɗi ta yi, wasu suka ce da aljanu a gidanmu. Ta dawo tana kuka, ta ƙi cin tuwo. Da na gane ni ne aljanin, na faɗa mata gaskiya. Ta ce ba ni ba ita sai na je na wanke ta a gaban Malama.

Na je. Na tsaya a gaban yara na amsa laifina. Malama ta yi dariya har sai da ta dafa tebur, sannan ta ce in zauna a bencin baya. Ta ce wa yara Baba ya koya musu abin da ya fi wake muhimmanci: in kana son sanin aikin ruwa, dole ka bar ɗaya babu ruwa, domin in ka yi wa duka abu ɗaya ba za ka san wanne ne ya yi aikin ba. Ranka ya daɗe, na haura sittin, ba wanda ya taɓa gaya mini haka. Aka kaɗa ƙararrawa, yara suka fita, ni na kasa tashi. Nan Malama ta ce in ina so in riƙa zuwa Talata da Alhamis. Hedimasta ma ya yarda.

Na biyu, abin da na yi a bencin nan.

Ban taɓa magana ba sai na ɗaga hannu kamar kowa. Ban taɓa makara ba. Da aka zo darasin ƙasa, ni na hau keke na ɗebo laka daga Garatu, na samo baƙar ƙasar gona wajen wani abokina na Beji, yara suka kawo yashi daga rafi. A mazurarai uku da na ƙera aka zuba su, aka kwarara ruwa, muka ga wadda ta sake shi nan take da wadda ta riƙe. Da damina ta faɗi na yi musu ma'aunin ruwan sama. Na ga 'ya'yan kwaɗi a kwalba suna fitar da ƙafa, wutsiya tana ɓacewa, alhali duk rayuwata na ɗauka wani irin kifi ne. Da lemo ɗaya da aci-balbal ɗina Malama ta nuna mana yadda dare da rana suke zuwa. Ranar na yi sallar azahar ina ta tasbihi, don ban taɓa ganin girman ikon Allah kamar yadda na gan shi a jikin lemon nan ba.

Kada ka ce in koma ajinmu na manya. Malaminmu mutumin kirki ne, amma karatu da rubutu da lissafi kawai aka ba shi. Na taɓa tambayarsa me ya sa wata yake raguwa, ya ce babu wannan a littafinmu. Littafinmu kuwa har yanzu Bala yana zuwa kasuwa, Bala yana dawowa daga kasuwa.

Na uku, zuwan mai duba makarantu.

A mako na uku na wannan zango, ranar Alhamis, mai duba makarantu daga ofishinka ya shigo ajin. Ya gan ni, ya tambayi Malama ko ni uba ne da ya kawo ƙara. Ta yi masa bayani, ya rubuta a littafinsa, ya fita. Bayan mako guda takarda ta zo cewa kada wani babba da ba ma'aikaci ba ya ƙara zama a aji, ita kuma Malama aka ba ta takardar tuhuma. Ban ce bai yi aikinsa ba. Na san dokar don kare yara aka yi ta, kuma jikata tana cikin waɗanda ake karewa. Abin da ya ci mini rai shi ne bai yi mini tambaya ko ɗaya ba. Da ya tambaye ni wace ƙasa ta fi riƙe ruwa, da ya san abin da ya kawo ni.

Na huɗu, kuma shi ne babba.

Aikin jirgin ƙasa ne ya kawo mahaifina Minna. Shekara da shekaru yana zuba kwal a wutar kan jirgi, har ya rasu hannayensa duk tabon ƙuna ne. Ina yaro na tambaye shi yadda wuta take jan taragu masu nauyi haka. Ya ce wannan sanin Turawa ne, nasa shebur ne kawai. Ya koma ga Allah bai sani ba. Yanzu jiragen tururin ma an jingine su suna tsatsa, masu shan mai ne suke wucewa, ni kuma tambayar tana nan inda na bar ta.

Tun zangon da ya wuce Malama ta ce a darasin makamashi za a amsa ta. Ta zana mini wani abu a takarda, ta ce in ƙera: gwangwani rufaffe mai ɗan bututu, wanda za a zuba wa ruwa a ɗora a wuta, da farfela ƙarama a gaban bututun. Kwana huɗu na yi a kansa, sau biyu farfelar tana karkacewa ina sake wata. Na gwada liƙin da ruwan sanyi, na hura farfelar da baki ta juya, amma ban ɗora shi a wuta ba. Wuta ba ta yi mini wuya, a gabanta nake wuni. Na ƙi ne saboda ganin farfela tana juyawa ba shi nake nema ba. Mahaifina ya ga ƙafar jirgi tana juyawa duk rayuwarsa. Dalilin nake so in ji daga bakin wadda ta sani, a wurin da zan iya ɗaga hannu in ce ban gane ba, a maimaita.

Darasin nan Alhamis ta sama za a yi shi. Binta aka zaɓa ta tsaya gaban aji ta kunna wutar. Tattaɓa-kunnen mai zuba kwal, da abin da na ƙera da hannuna, ni kuma ina rumfa ina toshe bokiti.

Na biyar, Audu.

Audu maigadi sa'ana ne, tare muka yi wasan ƙasa a bayan tasha. Doka ta yarda masa ya shimfiɗa buhunsa a barandar aji biyar, daidai taga, saboda nan ne inuwa. Duk abin da nake mutuwar son ji yana zuba a kunnensa, shi kuwa gyangyaɗi yake yi. Na tambaye shi me aka koyar ran Talata, ya ce wai surutu suka yi ta yi a kan wani ƙarfe mai kama ƙusa. Maganaɗisu ke nan fa, ranka ya daɗe, darasi guda cur, a haka ya taƙaita mini shi. In ya wuce ta gaban rumfata sai ya ɗaga murya ya gaishe da ɗalibin da aka kora, ya tambaya ko in aika wa Malama da saƙo. Ita ma Binta ta samu abin tsokana. Sai ta faɗa mini rabin darasi, ta ce sauran na 'yan aji biyar ne, ta ruga tana dariya. In ma ta zauna ta faɗa duka, tambayata ta farko take iya amsawa, ta biyu sai ta ce Kaka ka cika naci. Har roƙon hedimasta na yi ya ɗauke ni mataimakin maigadi, ba na son komai sai gefen buhun Audu. Ya ce wannan ma sai da izinin ofishinka.

Don haka ga roƙona.

A janye takardar tuhumar da aka ba Malama Rifkatu. Laifinta shi ne ta ga tsoho ya kasa tashi daga benci ba ta kore shi ba. In akwai hukunci, ni ya dace da shi.

A ba ni izini a rubuce in koma bencin baya ranakun Talata da Alhamis. Na yarda da kowane sharaɗi. A tambayi mai unguwa da liman halina. In cikin aji ba zai yiwu ba, na yarda da bakin taga. In duk zangon ya yi yawa, a ba ni Alhamis ɗin nan guda ɗaya, kai ma ka zo ka ga abin da malamarka take yi da gwangwanin madara.

A kuma duba yiwuwar saka kimiyya a ajinmu na manya. Ba ni kaɗai nake da tambayar da ta tsufa a ciki ba.

Abu na ƙarshe. Tun da aka tashe ni, na sake gwajin nan ni kaɗai, yadda ya kamata. Na samo tsohon wake na bara, na shuka a gwangwani biyu a cikin rumfa inda ruwan sama ba ya kaiwa. Ɗaya na ba shi ruwa, ɗaya na hana. Kwana goma sha biyu ina wucewa da buta a hannu ina kawar da kai, Allah ne kaɗai ya san wuyar da na sha. Mai ruwan ya tsiro, yana nan ya fara yaɗo. Busasshen na tona ƙwaya ɗaya na duba, lafiyarta lau, ba ta ruɓe ba, ba ta huje ba. Busasshen gwangwanin nan na bar maka a hannun masinjanka a zuwana na uku, na rubuta sunana a jiki. Ina roƙo, kafin ka yanke hukunci a kaina, ka sa a zuba masa ruwa kwana biyar ka gani.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin adalci, ya raya maka zuri'a, ya nuna maka ranar da jikarka za ta koya maka abin da ba ka sani ba.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Sule Maigwangwani,
Dutsen Kura, Minna.