Sunan da Madugu Yake Amsawa

Matameye, watan Rajab, 1956

Zuwa ga ɗana Hamisu, a lakwal, makarantar koyon aikin likita, Yamai.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da malamanku da abokan zamanka. Yaya karatu, yaya baƙunta? Yayyenka suna gidajen mazansu lafiya, suna gaishe ka.

Bayan haka, da hannuna na rubuta wannan, da baƙaƙen da ka koya mini a hutun bara. Ban kai wa mai rubutu na bakin kasuwa ba, don maganar ta cikin gida ce.

Babanku ba shi da lafiya. Jikinsa ƙalau, yana tafiya kamar saurayi, amma kansa ne. Tun kaka abin ya fara. Da fari mantuwa ce, ya yi alwala ya sake yi, ya tambaye ni ko an ba jakuna ruwa, alhali rabonmu da jaki tun da motoci suka ƙwace fataucin Kano. Yanzu hantsi na yi sai ya ɗaura ɗamara, ya ɗauki sanda, ya ce ayari na jiransa. Ran kasuwar da ta wuce ya kwance jakunan mutanen Dungu ya kora su kudu. Suka bi shi suka tare, har ɗaya ya mare shi kafin a gaya masa ko wane ne.

Abin da ya fi tayar mini da hankali, ya daina amsa kira. In an ce Madugu, sai ya waiga ya ga wa ake nufi. In yayyenka sun ce Baba, sai ya dube su kamar baƙi. In na ce Maigida, ya ce maigidan ya fita.

Na kai shi gidan likita wurin Mushe Inusa, kamar yadda masu Faransanci suke kiransa. Ya duba ido da harshe, ya saurari ƙirji, ya ce bai ga ciwo ba. Ka san halina, sai da na tambaye shi inda ya koyi aikinsa. Bai ji haushi ba. Ya ce a soja ya fara, yana ɗaukar waɗanda aka harba a yaƙin Nasara, daga baya ya daɗe a babban gidan likita na Damagaram. Ya iya ɗinke rauni, ya iya allura da lamba da fid da kurkunu. Amma tsohon da ya manta kansa, ba wanda ya taɓa koya masa. Ya ce gigin tsufa ne, in yi haƙuri, in riƙa rufe ƙofa.

Baffanka Manu kuwa ya ce ba tsufa ba ne, iska ce yayansa ya taka a dazuzzukan da ya ratsa. Yana so a kai shi wurin Malam Isufu, can bayan Dungu, mai maganin masu taɓin hankali. Shi ma na sa an tambayo mini. Gado ya yi wurin ubansa, ya yi karatu a Katsina, kuma an ce mutane da yawa sun warke a hannunsa. Amma Hamisu, duk wanda aka kai sai an sa masa mari a ƙafa, an ɗaure shi a turu har ya natsu. Ba zan iya jure ganin ƙafar babanku a cikin ƙarfe ba.

Kai ne mai karatun likita. Ka tambayi manyanku ko akwai magani, ko akwai wanda ya karanci irin wannan. Ka rubuto wa Baffanka, shi maganata ba ya ji.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka.

Mahaifiyarka,
Saratu

Matameye, watan Sha'aban

Ɗana Hamisu,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan ka warke daga zazzaɓin da ka ce. Ka riƙa cin abinci ko ba ka so.

Takardarka ta iso ta hannun direban kamiyo, babbar motar ɗaukar gyaɗa. Na karanta a hankali, na sake karantawa. Na gane ba za a bar ka ka zo ba sai an gama jarrabawa. Na gane kuma abin da babban likitanku ya ce, wai shi aikin fiɗa ya karanta, na biye masa kuma cutar barci da kuturta, kuma a ƙasarsu akwai gidajen da ake tara tsofaffi ana kula da su, amma nan babu. Ban ga laifinsu ba. Sai dai na lura kowa da abin da ya koya, ba wanda ya koyi babanku. Na karanta wa Baffanka. Ya ce to, Nasara ma sun sallama, me ake jira?

Ga wani abu da ya faru. Gwaggonka Habi, yayar babanku, ta zo daga Dawce dubiya, a kan jaki, an riƙe ta don ba ta gani sosai. Ta tarar da shi a bakin zaure yana kokawa da ƙyaure, tuwonsa ya huce a akushi. Ba ta ce Madugu ba. Ta ɗaga murya ta kira shi da sunan da uwarsu take kiransa, na watan da aka haife shi, ta ce ya zo nan ya zauna, mara jin magana. Hamisu, nan take ya saki ƙyauren. Ya zo ya durƙusa, ya cinye tuwon har da suɗe akushi. Tana tsokanarsa wai har yanzu da hannu biyu yake ci, yana dariya. Duk kwanakin da ta yi bai fita ba.

Da za ta tafi ta ce mini ga magani nan a bakina, in kira shi kawai. Ka san ba zan iya ba. Tun ranar da aka kawo ni gidan nan sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Ko watan ya kama, watan alfarma nake cewa, mata suna mini dariya. Ka ga ko a takarda ban rubuta ba. Na roƙi Baffanka ya gwada. Ya ce shi ƙane ne, ba zai kira yayansa da sunan yarinta kamar wani tsaransa ba, kuma zancen tsofaffin mata ne. Yayarka A'ishatu ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta fashe da kuka.

Na gwada ni kaɗai a bayan rumbu, a hankali. Na kasa furta shi.

Jiya ya haura katanga ta wajen turken awaki. A bakin rijiyar unguwa aka same shi, yana leƙawa yana kiran jagaban ayari. Baffanka ya tara dangi, an yanke magana. Za a kai shi in wata ya kama. Ina bayan zana ina ji, ba wanda ya tambaye ni.

Ka yi mana addu'a.

Mahaifiyarka,
Saratu

Matameye, bayan Ƙaramar Salla

Ɗana Hamisu,

Barka da Salla. Ina fata ka yi ta lafiya, da fatan jarrabawa ta zo da sauƙi. Ka gafarce ni da na daɗe ban rubuto ba, ban sami zama ba.

An kai shi. Ce masa aka yi ayari na can yana jira, ya bi su da murna, har yana ce mini in kula da gida.

Aka hana ni zuwa, wai ganin iyali yana ɓata magani. Duk wanda ya dawo daga can sai ya ce da sauƙi, ya natsu, har ibada yake yi, ko ruwa ba ya karɓa da rana. Baffanka ya ce in gani, mutumin da ba ya sanin gabas ga shi yana riƙe da farilla. Ni hankalina bai kwanta ba. Mutumin da bai san sunan gari ba, ina ya san wata ya kama? Na sa aka tambayo ko yana buɗa baki. Aka ce ana ajiye masa kunu, ana cewa Madugu ga abin shan ruwa, kuma da safe ana ganin ƙwarya ba komai. Daga baya na gano wanda ke ɗaure kusa da shi ne yake shanyewa. Ba su sani ba, gidan cike yake da marasa lafiya.

Na yafa zane na kama hanya, ban nemi izinin kowa ba. Baffanka ya ji, ya biyo ni a kan doki, muka isa tare da azahar.

Hamisu, ba zan rubuta maka duk abin da na gani ba. Yana kwance a gindin turu, leɓɓansa sun tsage, marin ya ci masa idon sawu, ƙuda na bi. Malam Isufu ya fito da mutanensa. Ya ce Madugu, ga iyalinka. Bai motsa ba. Baffanka ya ce Yaya. Bai motsa ba. Na durƙusa da ƙwaryar ruwa na ce Maigida. Idonsa a buɗe, yana kallon katanga.

Sai na kira shi. A gaban ƙanensa, a gaban Malam, a gaban maza baƙi. Na ce Ɗan'azumi, tashi ka sha ruwa. Ga shi yau na rubuta.

Ya juyo da kansa. Ya ce na'am, Inna.

Ya sha, ya sha, ina riƙe da ƙeyarsa. Wani ya ce rana ba ta faɗi ba, Malam ya ce a yi shiru, wannan azumi ba ya kansa. Ya daɗe yana kallonmu, sannan ya ce shi maganin masu iska ya gada, kuma mai iska ba haka yake ba. Da hannunsa ya cire marin. Baffanka ya jawo dokinsa. Shi ya ɗora shi a kan dokin, ya ja linzami da ƙafa har gida. Har yau bai haɗa ido da ni ba.

Labari ya riga mu isowa. A bakin rijiya mata suna yin shiru in na zo, wata ma ta ce gigin ya kama mu biyu. Na ɗebi ruwana na wuce. Yanzu a tsakar gida nake kiransa, maƙwabta na ji. Yana ci, yana sha, ba ya taɓa ƙyaure in ina kusa. Ko masai zan zagaya sai na yi ta kira ta bayan zana don kada ya tashi.

Amma ƙafar ba ta warke ba. Mushe Inusa yana zuwa yana wankewa, wannan kam aikinsa ne, ya ce raunin ya yi zurfi kuma jinin tsoho ba ya haɗa nama da wuri. Kumburin ya kai gwiwa. In akwai maganin da ya fi na nan, ka ba direba. In an sallame ku kada ka tsaya ko'ina. Kuma in ka ji akwai inda ake koyar da kula da irin babanku, ko a ina ne, ka je ka koya. Ni na yafe maka nisan.

In ka zo, kada ka yi kuka a gabansa don bai gane ka ba. Ni ma bai gane ni ba. Inna yake ce mini. Kullum da la'asar sai ya kama gefen zanena, ya yi ƙasa da murya don kunya, ya ce akwai wata yarinya a unguwar marina, Saratu, yaushe za a je a nema masa ita? Ina ce masa gobe. Sai ya yi murmushi ya kwanta.

Allah ya kawo ka lafiya, ka tarar da shi.

Mahaifiyarka,
Saratu