Abin da Na Gani Ta Ramin Fanka

Ya sanyin idona, inuwar hutuna, ruwan farkon damina a busasshiyar gonata,

Bakina ya kasa, shi ya sa na ɗauki biro da hannun da ya fi sabawa da filayar gyaran wuta. Jiya kin ce za ki ajiye aikin taya farfesanki koyarwa, wai muryarki na rawa, wai ɗalibai sun raina ki. Kin kuma sani saboda aikin nan ne jami'a ta ɗauke miki kuɗin digiri na biyu. In kin sake shi, karatun ya tafi ke nan.

To ji asirin da na ɓoye miki. Ranar Laraba maigidana ya tura ni gyaran wayar wuta a wani gini na jami'arku, ban san a nan kike koyarwa ba. Ina cikin silin, ina rarrafe cikin ƙura da saƙar gizo-gizo, sai na ji muryar da ke tashina kowace safiya. Na leƙa ta ramin fanka.

Ikon Allah! Wai matata ce wannan? Wadda kyankyaso ke sa ta haye kujera, ita ce tsaye gaban mutum ɗari, da dunƙulen ƙasar noma a tafinta, tana marmashe shi, tana bayanin yadda yake riƙe ruwa?

Daga sama na ga abin da ba kya gani daga gaban allo. Masu surutun da ke ɓata miki rai su uku ne kacal. Sauran duk kai a sunkuye, biro na gudu. Wata a can baya takalminta ya zame, ba ta ma sani ba. Muryarki ta yi rawa sau ɗaya, ban musa ba. Ni kuwa garin leƙenki, saura kaɗan in rufto muku tsakiyar aji.

Zumar rayuwata, wa ke sare bishiya tana cikin fure? Wanki da girki ki bar min, ko da yayata za ta shekara tana yi min dariya. Ina alfahari da ke har ƙirjina ya yi min kaɗan.

Kin ce Litinin za ki miƙa takardar barin aikin. Tana nan cikin jakarki, ban taɓa ta ba. Hannunki ne ya rubuta ta, shi nake roƙo ya yaga ta.

Naki har ƙasa ta rufe idona,
Mijinki, mai gyaran wuta