Harsashi Huɗu na Tela

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali, da fatan kowa lafiya. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san inda na tsaya a makaranta. Ban kira ka a waya ba saboda Baba. Kunnensa ya yi kaifi kwanan nan, ko bayan ɗaki na zaga sai ya ji. Shi ya sa na ba Direba wannan takarda.

Abin da na gani ranar Asabar da safe zan faɗa maka, ranar da aka buɗe farautar bana.

Mun isa gonar da aka girbe rana ba ta gama fitowa ba, mu bakwai. Baba ya jera kowa a bakin gona, taku arba'in tsakanin mutum da mutum, ya maimaita dokarsa: kada wanda ya taɓa kunamar bindiga sai ya ga sararin sama a ƙarƙashin tsuntsu. Har amininsa Makaniki ya ce, "Tsoho, shekara talatin kana mana karatun nan, yaushe za ka yaye mu?" Tela ne sabo a cikinmu, bana ya sami lasisi, don haka harsashi huɗu kacal aka ba shi kamar yadda ake yi wa kowane sabo. Kusa da Baba aka tsayar da shi.

Ni ban ɗauki bindiga ba. Kwanson harsashi nake tsincewa, don mai gona ya ce idan saniyarsa ta sake haɗiye ɗaya ya daina ba mu wuri. Ina bayan Baba ke nan.

Kurciyoyi suka fara zuwa, Baba ya saukar da biyu. Amma na lura ba ya ɗaga bindiga sai ya ji kaɗawar fukafukai. Kai yake karkatarwa, ba da ido yake bin su ba.

Can Makaniki ya shiga cikin kara ɗauko kurciyarsa. Sai fakara ta tashi daga ciyawa, ƙasa-ƙasa, ko kafaɗar mutum ba ta kai ba. Yaya, da idona na ga Baba ya juya ya bi ƙararta ya harba. Babu sama a ƙarƙashinta. Makaniki ne a bayanta.

Allah ya taƙaita, akwai nisa. Ƙwayar dalma biyar aka cire masa a asibiti, a kafaɗa da gefen wuya, yanzu yana gida. Da yake lokacin ana ta harbi ta ko'ina, kowa ya waiwaya ya dubi Tela, shi ne sabo. Tela ya sunkuyar da kai, bai musa ba. To ni kwanso biyu na tsinta a wurinsa, kuma tun fitowar rana ya harba su, bai sami ko gashi ba.

Ƙungiyar mafarauta za ta zauna Juma'a ta sama don a rubuta a karɓe lasisinsa. Washegari kuma za a fita farautar fakara da kare, a jere cikin ciyawa, Baba a tsakiya. Ban faɗa wa kowa ba, har Mama. Ka gaya mini yadda zan yi.

Ka huta lafiya.
Ƙaninka, Auta.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarka, na karanta ta sau biyu. Muna lafiya, yara suna gaishe ku.

Ina so ka natsu. Na farko, mutane da yawa suna harbi a lokaci guda, ga kara, ga rana a ido. Mene ne tabbacinka? Na biyu, kwanso biyu ba hujja ba ce, wataƙila sauran sun faɗa ciyawa ba ka gani ba. Na uku, kuma shi ne babba: wa ya gani ban da kai?

Idan kai kaɗai ne, ka kama bakinka. Shekara talatin Baba yana koya wa mutane riƙon bindiga, ko akuya ba a taɓa ji wa ciwo a gabansa ba. Ba zan yarda a ƙare masa da wannan ba. Tela yaro ne, kuma da keken ɗinki yake cin abinci, ba da bindiga ba. In an karɓe lasisin bana, zai nemi wani baɗi. Tunda shi bai musa ba, kai mene ne naka?

Ƙarshen wata zan zo in kai Baba likitan ido ba tare da surutu ba. Kafin nan ka ɓoye harsasan gidan, ka ce ba ka gan su ba. Ka yaga wannan takarda idan ka gama.

Ka gaishe da Mama.
Yayanka.

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan aiki da sauƙi. Takardarka ta iso, ban yaga ba, tana cikin takalmina na roba.

Na ɓoye harsasai a buhun gawayi kamar yadda ka ce. Ko la'asar ba a yi ba Baba ya ce, "Auta, akwatin nan da na ɗaga ya yi sauƙi. Ko ɓeraye sun shiga ƙungiya ne?" Na dawo da su. Ka san ba a yi wa Baba ƙarya sau biyu.

Kwana uku ina lura da shi. Idan zai zuba shayi sai ya sa yatsa a bakin kofi. Ya daina ɗaura agogo, wai yana matse masa hannu. Jiya ya gaishe da rigar Mama da ke kan igiya, da ta ƙi amsawa sai ya wayance da tari. Abin da ke gefe yana gani. Abin da ke gabansa sosai ne ya ɓace masa.

Na je shagon Tela. Samari suna zaune a benci suna tsokanarsa, ɗaya ya ce, "Tela, ka huda mutum, ai sai ka je ka ɗinke shi." Ya yi murmushi ya ci gaba da taka keke. 'Ya'yan Makaniki sun zo sun kwashe yadinsu ba a ɗinka ba, wasu ma sun bi sahu. Ka ce da keke yake cin abinci. To keken ne aka fara taɓawa. Na ce masa, "Harsashi huɗu aka ba ka, ina sauran biyun?" Ya ce, "Miƙo mini almakashin nan."

Ga abin da ya fi tayar mini da hankali. Da yamma Baba yana shafa wa bindiga mai, sai ya ce, "Yaron nan ya ba ni kunya. Ni na kawo shi, ni na tsaya masa." Yaya, ba ɓoyewa Baba yake yi ba. Bai sani ba. A ganinsa fakara ya harba ya kuskure. Kuma shi ne shugaban ƙungiya, shi zai sa hannu a takardar Tela ranar Juma'a. Ya ce ni zan riƙe masa hannu in nuna masa layin, wai rubutun yanzu ya yi ƙanana.

Ƙarshen wata ya yi nisa. Asabar saura kwana biyar, kuma a farautar fakara ni nake tafiya a damarsa.

Allah ya bar zumunci.
Auta.

*

Auta,

Salam. Tun da Direba ya miƙo mini takardarka na kasa taɓuka komai a ofis. Na nemi izinin tafiya, an hana ni.

Ina da shekara goma sha huɗu na harbi kurciya a kan reshe, ƙasa da kan mutum. Baba ya karɓe bindigar, shekara guda bai bar ni na taɓa ta ba. Ina tsoron abin da zai yanke wa kansa in ya ji.

Kada ka tsaya a damarsa ranar Asabar, na roƙe ka. In dole sai an faɗa masa, to daga kai sai shi, ba a gaban mutane ba. Kuma har yanzu ba ka amsa mini ba: wa ya gani ban da kai?

Yayanka.

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya.

Ranar Alhamis da hantsi na ce wa Baba ya raka ni gonar, na manta kwanso. Na tsayar da shi inda ya tsaya ranar. Na taka zuwa inda Makaniki yake, da farar riga a jikina, na yi shiru. Ya daɗe yana kiran sunana yana waige-waige, ina gabansa. Da na amsa sai ya ce, "Ashe kai ne. Na ɗauka kututture ne." Na ce, "Baba, nan Makaniki ya tsaya, can fakarar ta tashi."

Ya zauna a kan kunyar gona. Bai yi faɗa ba. Da ya miƙe, hannuna ya kama, ya ce in kai shi shagon Tela.

Jiya a zaman ƙungiya da bakinsa ya faɗa cewa shi ya harbi Makaniki. Ya yaga takardar karɓe lasisin Tela, ya miƙa wa Mama makullin akwatin bindiga da muka dawo. Yau an fita fakara, yana gida. Bai ci abincin kirki ba, yana zaune a ƙofar ɗaki kare na kwance a ƙafarsa. Ka zo da wuri, maganar likita.

Ka gaishe da iyali.
Auta.

Saura tambayarka. A shago Tela ya jawo aljihun maɓallai ya fito da harsashi biyu da ba a harba ba, ya ce ya kasa buɗe baki a kan wanda ya koya masa. Ashe Tela ya gani. Mai gona ma ya ce ya gani, yana kan amalankensa a lokacin. Sai Makaniki. Ya ce yana ɗagowa da kurciya a hannu ya ga bakin bindiga na kallonsa, kuma ya san mai ita shekara talatin. Mu huɗu ne, Yaya, kowa yana zaton shi kaɗai ya gani.